Ƴar ƙaramar sikana ta waya ko babbar kwamfutar gareji?

Ɗan uwa mai Corolla 2008 da kake tambaya ko ka sayi ƴar na'urar nan ta Bluetooth ka huta da biyan kuɗin ɗora mota a kwamfuta, to duka biyun na taɓa su, ga yadda na gansu.

Waje ɗaya ake soka su, soket ɗin nan mai rami 16 a ƙasan sitiyari, shi ne OBD2, Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai kuma 2001 a motocin fetur. Taka dai tana da shi.

Ƙaramar, irin su ELM327, da waya take aiki, ka sauke manhajar Torque a wayarka shikenan. Zata karanto maka kod ɗin inji, wato lambar matsalar da mota ta ajiye, ta nuna zafin ruwa da gudun inji, ta kashe wutar cek injin. Galibi iyakarta kenan. Wutar ABS ko ta eyabag in ta kama sai tace maka lafiya lau, alhali ba can ta leƙa ba. Babbar kuwa irin Launch ko Autel tana shiga giya da burki da eyabag, har umarni take ba mota, tace fanka tashi ta tashi, wasu ma suna haɗa sabon makulli.

Amma fa ga inda ake cin kuɗin mutane, ba wadda a cikinsu ke cewa je ka sayo kaza. Kod alama ce kawai. P0171 cewa yake iska ta fi mai yawa, to tiyon iska ne ya tsage ko eyafulo, wato sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, ne yayi datti ko famfon mai ne ya gaji, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Ni wani bakanike da ƙatuwar kwamfutarsa ya sa na sayi sensa sabuwa fil, kwana biyu wuta ta dawo, ashe wata ƴar roba ce ta fashe. Haka P0420, kafin ka rufe baki ance indomi, wato abin nan mai tace hayaƙi a salansa, ta mutu, ba wanda ya duba ko salansa na yoyo. P0301 ya ɗan fi sauƙi, silinda ta ɗaya ce ke fashin wuta, ka musanya kwayil ɗinta da na ta biyu, in kod ya koma P0302 ka kama ɓarawo.

Ni dai nace ka sayi ƙaramar, ko don zuwa duba motar Kwatano, tana nuna in yanzun nan dillali ya goge kod don gwaje-gwajen cikin motar zasu nuna basu kammala ba. Kar ka barta a soke kwana da kwanaki, tana shan batir ko mota a kashe. In kuma cek injin ƙyaftawa take ba tsayawa tayi cak ba, kar ka tsaya wasa da waya, rage wuta ka nufi gareji.