Jaket mai kauri ko 'yar ciki mai kama jiki: wacce za a saya wa yaro ɗan ƙwallo?

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Tsakanin jaket mai kauri da 'yar ciki mai dogon hannu da ka tambaya saboda yaronka mai fita ƙwallo da sassafe, sayi 'yar cikin kawai. In da hali ma ka sayi biyu, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya.

Ka san halin hunturun Sakkwato. A Disamba da Janairu, bayan sallar asuba awon zafi kan sauka zuwa wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska mai ƙura, amma kafin la'asar ya kai 30 ko ya wuce. Wato sanyin na 'yan awoyi ne. Yaro kuma da ya zagaya fili sau biyu ya fara zufa. Inda matsalar take shi ne bayan an tashi: ya tsaya da jiƙaƙƙiyar riga, iska ta bi ta kansa, sai ka ga haƙora na haɗuwa. Auduga tana shan zufa ta riƙe. Yadin foliyesta irin na 'yan wasa kuwa yana fitar da ita waje ta bushe. Jikin yaro kuma ya fi na babba saurin yin sanyi, don haka abin da ke manne da fatarsa shi ne abin dubawa.

Nawa yaron shekararsa 11, a wani fili nan Mabera suke tirenin. Baƙar 'yar ciki na samo masa wajen masu gwanjo, yana sa ta ƙarƙashin jesi. Da kansa yake wanke abarsa in ya dawo, ya shanya a igiya, kafin ya gama cin abinci ta bushe ƙayau. In suna da wasa gobe, da ita yake kwana, wai kada a ɓata masa lokaci da safe. Gwiwar hannun ta koɗe har ta koma ruwan toka, amma ɗinki ko ɗaya bai saki ba, ƙanensa ma ya fara sa mata ido.

Jaket kuma muna da ita, ga ta can a ƙusa. Amfaninta a kan kabu-kabu ne zuwa fili, sai kuma in yaro yana benci. Da ita ba ya iya juyawa, minti goma ya tuɓe ya yar a ƙasa, ka dawo da ita duk ƙura. In ɗanka gola ne, to shi yana tsaye wuri ɗaya, ka ƙara masa rigar tirenin marar nauyi a sama.

Ka lura da kala. A dokar ƙwallo, 'yar ciki sai ta dace da kalar hannun jesi. A unguwa ba mai kulawa, amma a gasa, irin wadda ake kai yara filin Giginya, alƙalin wasa mai tsanani na iya cewa a cire. Ka tambayi kocinsu kafin ka saya. Kada kuma a naɗa masa mayafi a wuya. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta hana abin wuya irin wannan tun 2011, saboda ana iya fizgo yaro da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Sanyi na shigowa suke ƙara kuɗi, kuma akwai wata mai sheƙi kamar leda da ake manna wa tambarin Nike ko Adidas a ce maka orijina ce. Wannan ba ta shan iska, yaro zai dahu a ciki, ga wari. Ɗiga ruwa kaɗan a cikin rigar: in ya bazu ya shige, ta yi, in ya tsaya ƙwal-ƙwal yana gangarowa, ajiye wa mai sayarwa kayansa. In gwanjo ce, juya ta ka duba hammata, ka ja bakin hannu ka ga ko robar ta mutu, kuma a wanke kafin a sa. Kada a ruɗe ka da "sayi babba zai girma a ciki". In ba ta kama jiki ba, iska za ta shiga.

Canjin da ya rage ka sayi man kaɗanya na leɓe da dunduniya saboda faso, ka kuma haɗa shi da gorar ruwa, don yara ba sa jin ƙishi a sanyi alhali iskar tana busar da su. In yana da asma, abin shaƙarsa ya zauna a jaka, ranar da hazo ya yi yawa kuma ya haƙura da fita.