Sharhi kan filtar auduga da na ɗaura wa kafiretar tsohuwar Mini

Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin tsohuwar Mini ya san ba a bar wa hannun makaniki wurin shiga ba. Motar da injiniya Alec Issigonis ya zana ta fito a 1959, tsawonta mita 3 da 'yan kai, kuma don fasinjoji su samu wurin miƙe ƙafa sai aka gicciye injin, aka cusa giyabos a ƙarƙashinsa. Kafireta ta koma can baya, tsakanin inji da bangon ƙarfen da ya raba shi da cikin mota, a saman manifol ɗin salansa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga inji. Tawa mai inji 998cc ce, da kafireta ƙirar kamfanin SU, samfurin HS4, guda ɗaya, mai maƙogwaro inci ɗaya da rabi. Akwatin filtarta na asali ya tsage ta gefe, ƙura tana bi ta tsagar tana wucewa ba tare da ta gamu da takardar da ke tace iska ba, dole na nemi madadi.

A cikin tarkacen da suka zo da motar akwai wata filta shafaffiya mai murfin ƙarfe mai sheƙi, irin wadda ake cusa wa soso a bayan raga. Kyau kam tana da shi, kuma ta shiga wurin har da rarar fili. Amma murfinta yana dab da bakin kafireta, iska sai ta matso ta gefe sannan ta yi kwana mai kaifi kafin ta shiga. A silo babu abin da za ka ji. Da ka taka totur a hawa sai injin ya riƙa yi kamar an toshe masa hanci. Masu harkar tsofaffin motoci suna son a bar aƙalla kusan inci ɗaya tsakanin bakin da murfin, wannan kuwa ko kusa ba ta kai ba. Sosonta ma ya tsufa, ka murza shi da yatsa ya zama gari, kuma duk garin nan silinda zai nufa. Ban bar ta ta daɗe a kai ba.

Wadda na saya filtar auduga ce mai ninki-ninki tsakanin ragar waya, wadda ake shafa wa mai na musamman, gindinta da faɗi kanta a tsuke. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne farantin gindinta: ramin da ke haɗuwa da kafireta ba a tsakiya yake ba, an gusar da shi gefe, don haka jikin filtar yana kaucewa inda bango ya matso. Tsukewar kan ita ma ta ba da 'yar rata. A irin wannan ɗakin inji, 'yan milimitocin nan su ne komai.

Awo a nan yana da wata dabara. Injin da aka gicciye ba ya tsayawa cak. In ka saki kuloci ko ka ɗaga ƙafa daga totur, yana sunkuyawa gaba da baya, kafireta kuma tana bin sa. Filtar da ta zauna lafiya mota na tsaye tana iya dukan bango a kan hanya. Kafin na yi oda sai na yanka kwali daidai girman da aka rubuta, na ɗora a bakin kafireta. Bayan ta iso na manna dunƙulen yumɓu a bayanta da samanta, na rufe bonet, na zaga, na dawo na duba inda ya lotsa. Ya lotsa kaɗan ta baya, dalili kuwa bushin sandar da ke riƙe injin ya saki. Da aka sa sabo, magana ta ƙare. Wayar cok da tiyon fetur su ma sai da aka ɗan karkatar da su don kada gefen farantin ya riƙa gogarsu, gefen nan kuwa yana da kaifi, sai da na bi shi da fayil.

Akwai abin da takardar da ta zo a kwalin ba ta ko ambata ba, kuma shi ya fi komai muhimmanci ga mai SU. A fuskar kafiretar, kusa da babban ramin, akwai ƙananan ramuka da ke kai iskar waje ƙarƙashin fistin ɗin da ke cikin ɗan tulun da ke saman kafiretar. Bambancin matsin iska tsakanin sama da ƙasan fistin shi ke ɗaga shi, shi kuma ya zaro allurar da ke maƙale a ƙasansa daga jet, wato ramin da fetur ke fitowa, fetur ya ƙaru. Gasket ɗin da ya zo da filtar yana shiga ta kowace fuska, amma ta fuska ɗaya kawai ramukansa suke dacewa da na kafireta. A juya shi, mota za ta tashi, ta yi silo, amma ba za ta ja ba, mutum ya yi ta zargin fulogi da kwayil. A ɗaga gasket da farantin a haske a tabbatar ramukan sun hau juna kafin a ɗaure noti.

To, ya aikinta? Iska tana shiga sosai, har ta fi ƙarfin allurar asali. Mota ta fara shaƙewa a tsakiyar totur, da na zaro fulogi kuma bakinsu ya yi fari fat, alamar fetur ya yi kaɗan. Juya notin da ke ƙasan jet ya fi tasiri ne a silo. Abin da ke faruwa a gudu siffar allura ce ke yanke shi. Sai da aka sa allura mai sakin fetur da yawa, aka daidaita ta da na'urar auna hayaƙi, sannan injin ya saki jiki. Duk mai lissafin sayen irin wannan filta ya haɗa da allura da aikin saiti, domin barin inji yana gudu da ƙarancin fetur yana ƙara zafi, yana iya ƙona bawul. Ƙarin ƙarfi kuwa kaɗan ne. Totur ya fi amsawa da wuri, shi ke nan. Ba tare da an taɓa manifol da salansa ba, kada a sa ran wani abin mamaki.

Ƙara ta ƙaru ƙwarai. Kafireta tana bayan agogon gudu ne kai tsaye, don haka duk tsotson iskar a kunnenka yake. Ni ina jin daɗinsa a gajeriyar tafiya, a doguwa kuwa yana gajiyar da kai.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Buɗaɗɗiyar filta tana shan iskar da ke kewaye da ita, a nan kuma iskar ta taso ne daga kan salansa. Duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, ga shi a cunkoso silo yana rawa. Farantin kare zafi tsakanin manifol da kafireta ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Wanki ma aiki ne: a wanke da ruwan wankinta, a bar ta ta bushe da kanta, a shafa mai daidai, domin in ya yi yawa yana toshe audugar, in ya yi kaɗan ƙura ta wuce. Kuma ko an yi komai daidai, takarda mai kyau ta fi ta kama ƙura mai laushi.

Ga motar da ake fitarwa jefi-jefi a kan kwalta, ko wadda aka sa wa babbar kafireta akwatin asali ya daina shiga, filtar ta yi, zan kuma sake sayen irinta. Motar da ke bin hanya mai ƙura kullum da injin da ba a taɓa ba, gara a nemo lafiyayyen akwatin asali a zuba masa sabuwar takarda.