Wace hanya ta fi dacewa wajen cire tsohuwar baƙar leda daga gilashin mota?

Kafin mutum ya sayi kayan aiki, ya kamata ya tabbatar cewa duhun gilashinsa na leda ne. Wasu motoci suna fitowa daga kamfani da gilashin da aka zuba wa launi a cikinsa, kuma irin wannan ba ya ciruwa sai dai a sauya gilashin baki ɗaya. Idan aka sauke gilashin ƙofa kaɗan, aka shafa bakinsa na sama ta ciki da farce, za a ji gefen leda idan akwai ta.

Ledar da ta tsufa tana komawa launin shunayya ko shuɗi-shuɗi, tana yin ƙuraje, saboda rana ta cinye launinta kuma ta lalata gam ɗin da ke riƙe da ita. Wahalar aikin a gam ɗin take, domin tsohuwar leda takan rabu gida biyu: fatar sama ta taso, ta ƙasa ta maƙale da gam. Saboda haka hanyar da ta fi kyau ita ce wadda take tausasa gam har ya biyo ledar.

Reza da ruwan sabulu su ne mafi arha, kuma suna aiki a gilashin ƙofofi idan rezar sabuwa ce kuma gilashin yana jiƙe. Amma gilashin baya yana da siraran layuka da aka shimfiɗa a jikinsa ta ciki, waɗanda suke ɗumama shi don kawar da raɓa, a wasu motocin ma har da eriyar rediyo a cikinsu. Reza tana yanke su cikin ƙiftawar ido, kuma duk layin da ya yanke ya daina aiki. A nan abin kankara na roba kawai ya halatta, kuma a bi layukan a kwance, kada a tsallake su.

Na'urar busar da gashi tana taimakawa, sai dai tana da jinkiri. Na'urar hura iska mai zafi ta masu gyara ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma idan aka tsayar da ita wuri guda tana iya narkar da robar bakin ƙofa ko ta tsaga gilashi.

Akwai kuma masu fesa amoniya a kan ledar, su rufe ta da baƙar ledar shara, su bar motar a rana na awa ɗaya ko biyu. Tana aiki, amma tana buƙatar rana mai ƙarfi, warinta yana ƙona ido da maƙogwaro, dole a buɗe ƙofofi a rufe kujeru, kuma haɗa ta da bilic yana fitar da iska mai guba.

A ganina, idan za a sayi abu ɗaya tak, ƙaramar na'urar tururi ta gyaran tufafi ta fi cancanta. Tururi yana haɗa zafi da danshi, zafinsa kuma bai kai na iska mai ƙuna ba, don haka hatsarinsa ga layukan baya kaɗan ne. Ana turara kusurwa ɗaya har ta yi laushi, a ɗaga ta, a riƙa ja a hankali ana turara gaban inda ake ja. Idan aka yi haƙuri, ledar takan fito a shimfiɗe da mafi yawan gam ɗinta. A zaɓi mai tankin ruwa babba, domin ƙaramin tanki yana ƙarewa a tsakiyar aiki. A kuma shimfiɗa tawul a kan lasifikar baya da maɓallan ƙofa, saboda ruwan da zai riƙa ɗiga.

Ko wace hanya aka bi, ɗan gam zai rage, wanda sifirit ko maganin cire gam da tsumma mai laushi suke gogewa. Amma idan ledar gilashin baya ta riga ta fara farfashewa ƙanana-ƙanana, gara a kai wa gwanin liƙa leda, a kuma tambaye shi tun kafin ya fara ko da tururi yake aiki, da kuma wanda zai ɗauki asara idan layukan suka lalace.