Kwanan tanti a Grasslands da bakin tafkin Diefenbaker: inda kuɗina ya yi amfani

Duk mai iyalin da ke zaune a lardin Saskatchewan na Kanada, ko wanda zai kawo ziyara lokacin zafi, in yana sha'awar kwanan daji amma ba shi da tanti da tarkacensa, shawarata ya kama ɗakin tantin nan na hukumar Parks Canada da ake kira oTENTik a gandun dajin Grasslands. Mun kwana a cikinsa ni da mai ɗakina da yara a watan Yuli, daga nan muka zarce wani masauki mai zaman kansa a bakin tafkin Diefenbaker wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Na farkon ne zan sake biya da zuciya ɗaya.

Shi oTENTik rabinsa ɗaki ne, rabinsa tanti. An kafa shi a kan dandamalin katako da ya ɗaga daga ƙasa, an lulluɓe ginshiƙansa da tamfol mai kauri, yana da ƙofa ta sosai da tagogi masu ragar sauro. A ciki akwai gadaje da katifu da za su ɗauki mutum shida, da tebur da kujeru. Zanin gado da bargo da matashi kai za ka zo da abinka, haka ma tukwane da abinci. Ba a girki a ciki, komai a waje ake yi. Mun tarar da shi a share tsaf, katifun ba wari ba danshi, kuma ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta tsaya ta yi wa yara bayanin macizai cikin natsuwa, ba tare da ta firgita su ba.

Zangon da muka sauka shi ne Frenchman Valley, a ɓangaren yamma na gandun. Ana shiga ta ƙauyen Val Marie, kimanin kilomita 120 kudu da Swift Current, daf da iyakar Amurka. A cika tankin mota da mai tun daga gari, a sayi duk abin da ake bukata, musamman nama. Namu na halal daga gida muka taho da shi a kula da ƙanƙara, muka cinye shi da wuri, sauran kwanakin kuma shinkafa da wake da kifin gwangwani suka rufa mana asiri. Yawancin hanyoyin cikin gandun na tsakuwa ne, kuma in an yi ruwan sama laka ce mai santsi da ke kama taya, don haka a riƙa duba hasashen yanayi.

Abin da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya taso shi ne wurin nan ba inuwa. Ciyawa ce iya ganinka, sai tuddai da kwazazzabai, sai kogin Frenchman da ke lanƙwasa a ƙasan kwarin. Da rana zafi yake yi na gaske, cikin ɗakin ma yana ɗaukar zafi, gara a fita yawo da sassafe a huta da azahar. Iska kuwa ba ta gajiya. A nan ne na ga amfanin kuɗin da na biya. Wata yamma hadari ya haɗo daga yamma, iska ta taso, maƙwabtanmu masu ƙaramin tanti suna ta kokawa da igiya da turaku, ɗaya ya kwanta a kan tantinsa don kada ya tashi. Mu tamfol ɗinmu yana ta kaɗawa da ƙara, amma ko gezau ginin bai yi ba. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Baban yara, da a ƙaramin tanti muke, da yau a mota za mu kwana." Gaskiyarta.

Dare shi ne dukiyar wurin. Tun 2009 aka ayyana Grasslands a matsayin wurin da ake kare duhun sama daga hasken lantarki, kuma ana ganin hakan a zangon, domin ba fitilu barkatai. Sai dai a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, duhun kirki kuma sai wajen sha biyun dare, ga asuba tana zuwa da wuri. Mai sallah ya tsara barcinsa, ya kuma san alƙibla a nan arewa maso gabas take. Na shimfiɗa darduma a kan katakon ƙofar ɗakin, ruwan butar ya yi sanyi ƙalau duk da zafin da aka sha da rana, karnukan daji suna kuka daga can ƙasan kwari, ga Kaza da 'Ya'yanta ta fito ɓaro-ɓaro ta gabas. Rabon da in gan ta haka tun ina yaro. Na ta da babban ɗana na nuna masa, ya tsaya cikin bargo yana ƙirga su da yatsa.

Dabbobi ba sai an wahala ba. Baunar Amurka ta ɓace daga wannan yanki fiye da shekara ɗari, sai a 2005 aka kawo guda 71 daga gandun Elk Island na lardin Alberta, suka hayayyafa. Ka'ida ita ce a bar tazarar mita 100 tsakaninka da su, kuma tsakiyar Yuli zuwa Agusta lokacin barbararsu ne, mazan suna da zafin rai. Wani ƙaton namiji ya tsaya mana a tsakiyar hanya yana birgima a ƙura, muka kashe mota muka jira ya gama abinsa. Akwai kuma wasu dabbobi dangin kurege masu baƙar wutsiya da ke haƙa ramuka gari guda, waɗanda a duk Kanada nan yankin kaɗai ake samunsu. Yara sun fi son su da komai, saboda yadda suke miƙewa tsaye su yi ƙara su faɗa rami. Maciji mai karkaɗa wutsiya yana nan shi ma, saboda haka takalmi rufaffe da dogon wando dole ne, kuma a duba jikin yara da yamma saboda kaska.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da'irorin duwatsu da ke warwatse a kan tuddai. 'Yan asalin ƙasar ne suka danne gefen tantunansu na fata da su, da suka tashi suka bar duwatsun a inda suke, kuma akwai dubbai a gandun. Wanda ya taɓa wucewa ta tsohuwar ruga bayan Fulani sun yi ƙaura, ya ga duwatsun murhu a kwance, zai gane abin nan take. An hana taɓa su ko gusar da su, kuma na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari.

Sai tafkin Diefenbaker. Tafki ne da aka samar da madatsar Gardiner a kan kogin South Saskatchewan, aka kammala a 1967, tsawonsa ya haura kilomita 200. Kyau kam yana da shi: ga yashi, ga ruwa mai sanyi, ga masu kamun kifi da ƙananan jirage. Bayan ƙurar Grasslands yara sun yi wanka har sai da muka fito da su da lallashi.

Masaukin ne bai gamsar da ni ba. Tanti ne mai siffar ƙwarya a kife, gefe guda na leda mai nuna waje, da gado babba da fitilun ado da shimfiɗu masu laushi. A hoto ya yi kyau ƙwarai. Amma ledar nan tana tara zafi, kafin hantsi ciki ya zama ba ya zaunuwa, fankar da aka ajiye kuma ƙarama ce. An jera tantunan kusa da juna har kana jin hirar maƙwabci, fitilun adon kuma a kunne suke kwana, taurari sai kaɗan. Wajen biya aka ƙara kuɗin shara da na itacen wuta, waɗanda ba su fito fili ba lokacin da nake kama wurin. Na yi magana, matar da ke kula da wurin ta ba ni haƙuri da mutunci, amma kuɗin bai sauka ba. Ga amarya da ango da ke son gado mai laushi da hotuna, zai iya yi musu. Ga mai yara, kuɗin ya fi abin da aka samu yawa. In zan koma tafkin, fili zan kama a ɗaya daga gandayen lardi da ke bakinsa, Saskatchewan Landing ko Douglas ko Danielson, in ari tanti.

Ɗakunan oTENTik ba su da yawa a Grasslands, kuma ana buɗe rajistarsu a shafin intanet na Parks Canada tun cikin hunturu, ranakun ƙarshen mako su ne ke fara ƙarewa. A nemi kwanakin da wata ba ya haske, a ɗauki jarkar ruwa da hular rana da rigar sanyi, a kuma zo da risho mai gas, domin in ciyawa ta bushe akan hana hura wutar itace gaba ɗaya. Mu baɗi in Allah ya kai mu ɓangaren gabas muka nufa, zangon Rock Creek, kusa da kwazazzaban da masanin duwatsu George Mercer Dawson ya gano ƙasusuwan dinoso, dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya, a 1874, kuma ƙarshen Agusta za mu je, lokacin da dare ya ƙara tsawo.