Tsakanin Gatsby da The Secret History, wanne ya fi cin rai?

'Yar uwa, kin ce kin gama The Secret History na Donna Tartt, kin tsani kowa a ciki amma kin kasa ajiye shi, kina tambaya ko The Great Gatsby ma haka zai yi miki. Na karanta duka biyun. Zan ɗan tona labarin, ki yi haƙuri.

Ta wani ɓangaren uwa ɗaya uba ɗaya suke: masu hannu da shuni a Amurka, rai ya salwanta a hannunsu, hukuma kuma ba ta kama kowa a cikinsu ba. A Gatsby, littafin Fitzgerald na 1925, Daisy, matar da Gatsby ke so, ce ta take Myrtle, farkar mijinta, da mota, Gatsby ya rufa mata asiri, mijin matar ya harbe shi. Daisy da mijinta Tom suka haɗa kayansu suka bar gari, ko jana'izar ba su leƙa ba.

Inda suka rabu shi ne wurin da aka zaunar da mai karatu. Nick, mai ba da labarin Gatsby, yawanci ɗan kallo ne, daga ƙarshe ya juya musu baya ya koma garinsu. Za ki tsani Tom hankalinki kwance, don littafin na taya ki.

Tartt, a nata na 1992, ba ta yi mana wannan sauƙin ba. Richard ɗan mai gidan mai ne daga Kalifoniya, yana ɓoye asalinsa don ya samu shiga cikin ɗalibai biyar masu karatun Girkanci a wata kwaleji a Vermont. Tun shafin farko an faɗa mana sun kashe Bunny, ɗaya daga cikinsu. Sai ta mai da Bunny ɗan ci-ma-zaune, mai baƙar magana, har na kama kaina ina ƙosawa a kawar da shi. Manomin da suka fara kashewa kuwa, wanda bai ji ba bai gani ba, sai da na rufe littafin na tuna da shi. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Ina kyautata zaton shi ne ya dagula miki lissafi, ba girman kan Henry, jagoran ɗaliban, ba.

Ki karanta Gatsby. Babi tara ne kacal, kwana biyu sun ishe ki, saɓanin na Tartt mai shafi sama da 500 wanda rabinsa na biyu ke jan ƙafa. Idan kin zo wurin jana'izar, ki ƙirga waɗanda suka halarta cikin ɗaruruwan da suka ci suka sha a gidansa.