Sau biyu na bi kwale-kwalen haya daga Jamestown

Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, kuma da can iyakar sanina da kifi shi ne wanda ake ɗora mini a kan dokunu (tuwon masara mai tsami) da shito (miyar barkono). Wani abokina ne ya haɗa ni da wani dattijon masunci ɗan ƙabilar Ga a Jamestown, kusa da hasumiyar nan mai ja da fari. Yana ɗaukar baƙi a kwale-kwalensa idan suka biya kuɗin mai da ɗan abin goro.

Kuskurena na farko, ranar Talata na je. Dariya kawai aka yi mini, domin a al'adarsu ba a shiga teku ranar Talata, ranar gyaran koma ce.

Fitarmu ta farko a watan Maris ce. Teku kwance, ruwa da ɗumi, amma muka wuni da ƙugiya ba abin kirki sai jan kifi uku da ledoji. Har na fara zargin Baba ya ci kuɗina a banza. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce, "Ɗana, ka dawo idan ruwa ya yi sanyi."

Na koma a Agusta, ana ta shirin Homowo, bikin shekara-shekara na mutanen Ga. Tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi yakan taso daga ƙasan teku da abincin kifi, sai amane, wani ƙaramin kifi, ya cika gaɓa, manyan kifaye su biyo bayansa. Na sa hannu a ruwa na ji kamar na randa. Kafin hantsi mun cika daro guda. A nan na ga gwanintar tsohon: ba shi da wata na'ura, launin ruwa da shawagin tsuntsaye kawai yake duba, sai ya ce a kashe inji.

Sai dai igiyar ruwan Agusta ba ta wasa. Na amayar da kokon da na sha har da na jiya, yaransa suna ta yi mini tsiya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rigar kariya biyu kacal gare su, mu kuwa bakwai ne, ni ko iyo ban iya ba. Ba zan sake shiga ba sai da tawa.

Mai son gwadawa ya fara tambaya ko gwamnati ta rufe teku, don an sha yin haka a watan Yuli. Kifin kam Hajiyarmu ta raba wa maƙwabta, ta kyafe sauran.