Ɗinkin Kimonon Amarya a Wani Gida a Jidda

Wata Bahaushiya da ke ɗinki a gidanta a Jidda ita ce ta ɗinka wa ƙanwata uchikake, doguwar rigar da amaren Japan ke ɗorawa a kan kimono, wato rigarsu ta gargajiya, ba tare da ɗamara ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta bi tsarin yankan asali. A Japan ana saƙa yadin kimono siriri, faɗinsa bai cika wuce santimita 40 ba, don haka sai ta tsaga jan alharinin da muka sayo a kasuwar Balad falle-falle, ta haɗa su da miƙaƙƙen ɗinki. Bakin rigar na ƙasa kuwa da hannu ta cusa masa auduga, har ya yi nauyin da ke sa shi jan ƙasa ba tare da ya naɗe ba, kuma a nan ne gwanintarta ta fito fili.

Sai dai surfanin gauraki da ta yi da keke ya ɗan tattare yadin a kafaɗa, shafin ciki ma ya yi kauri ga zafin Jidda. Kuɗin aikinta da sauƙi, amma duk mai biki ya kai mata da wuri, domin ba ta da hanzari.